Yadda Ake Zaga Tsibiran Girka a Jirgin Filafili Idan Abokan Tafiya Suna Canzawa

Jirgin ruwa mai filafili da tsawonsa ya kai mita 12 yana ɗaukar mutum shida cikin walwala, takwas in an matsu. Mai jirgin, ko wanda ya yi hayarsa na dogon lokaci, yana iya ware mako shida don yawon teku, amma da wuya a samu aboki ko ɗan'uwa da zai bar aikinsa da iyalinsa har tsawon haka. Shi ya sa ake raba tafiyar zango-zango: waɗannan su zo su yi mako guda su sauka, wasu su hau, kyaftin kuma yana nan daram daga farko har ƙarshe.

Ga inda matsalar take. Jirgin da iska ke turawa ba ya cika alkawarin lokaci, alhali kuwa mutanen da za su hau da waɗanda za su sauka duk suna riƙe da tikitin jirgin sama mai rana da awa. Yawancin wahalar da ake sha a irin wannan tafiya daga nan take tasowa, don kyaftin ya kan fita teku a ranar da bai kamata ba saboda wani yana jiransa a tasha. Duk matakan da zan kawo an gina su ne don kada hakan ta faru. Zan yi amfani da tsibiran Tekun Ioniya na yammacin Girka, daga Korfu a arewa zuwa Kefaloniya a kudu, domin a ganina babu ruwan da ya fi su dacewa da wannan aiki a Bahar Rum.

Mataki na farko: zaɓi ruwan da zai yi wa sabon shiga sauƙi

A gabashin Girka, cikin Tekun Aegean, iskar arewa da ake kira meltemi tana kaɗawa a Yuli da Agusta, kuma tana iya yin kwanaki ba ta lafa ba, jirage su maƙale a tasha. Wanda ke canza mutane duk mako ba zai ji daɗin wannan ba. A Ioniya kuwa, iskar bazara ta kan zo daga arewa maso yamma, ta fara wajen azahar, ta yi ƙarfi da la'asar, ta kwanta da almuru. Safiya galibi shiru ne. Tsibiran suna kusa da juna, hawa da saukar ruwan teku kuma kaɗan ne ƙwarai, ba zai shiga lissafinka ba. Lokacin tafiya daga Mayu ne zuwa farkon Oktoba. Yuni da Satumba sun fi daɗi, don a Agusta tashoshi na cika tun da rana tsaka.

Tunda iskar daga arewa take zuwa, ka tsara tafiyar ta gangaro daga Korfu zuwa kudu. Iska a bayanka ko a gefenka ta fi sauƙi ga cikin wanda bai saba ba.

Mataki na biyu: fara da tashoshin canji kafin wuraren shaƙatawa

Ka shimfiɗa taswirar teku, ka sa alama a inda mutum zai iya isowa da jakarsa ba tare da wahala ba. Korfu na da filin jirgin sama, kuma babbar tashar jiragen shaƙatawa ta Gouvia na arewa da birnin kaɗan. Preveza na da filin jirgi a Aktio, tsallaken mashigar ruwa, da hanyar mota ta ƙarƙashin teku da ta haɗa su. Daga wannan filin zuwa garin Lefkada tafiyar mota ce gajera, domin gada ta haɗa tsibirin Lefkada da babban yankin ƙasar, har motar bas daga Atina tana shiga. Kefaloniya ma na da filin jirgi kusa da Argostoli. Paxos da Itaka da Meganisi ba su da shi, sai dai jirgin fito. Suna da kyau sosai, amma kada ka sa canjin mutane a cikinsu in ba dole ba.

Daga nan zangunan sun fito da kansu: na farko daga Korfu zuwa Preveza ko Lefkada, ta Paxos, na biyu daga Lefkada a zaga Meganisi, Kalamos da Kastos a dawo Nidri ko Lefkada, na uku daga can zuwa Itaka da Fiskardo, a ƙare a Sami ko Argostoli. In kana da sauran makonni, sai ka juyo arewa a hankali, kana tafiya da safe kafin iska ta tashi.

Yanzu lissafin nisa. Mil ɗin teku mita 1,852 ne, jirgi irin wannan kuma yana cin mil biyar zuwa shida a awa. Daga Gouvia zuwa Gaios a Paxos ya ɗara mil 30, ke nan awa shida ko bakwai. Ga wanda jiya yake cikin jirgin sama, wannan ya yi yawa a rana ta farko. Ka yanka shi biyu, ka kwana a Sivota ta gaɓar babban yankin. Ni dai ba na sa fiye da mil 15 zuwa 20 a yawancin ranaku, in bar doguwar rana guda ɗaya tak a kowane zango, ita ma a tsakiyar mako bayan ƙafafun mutane sun saba da jirgi.

Mataki na uku: bar ranar da ba ta da aiki

Wannan shi ne ginshiƙin shirin gaba ɗaya. A kowane zango na kwana bakwai, ka tsara tafiyar kwana biyar kawai. Rana ɗaya ta canji ce. Ɗayar kuma ka bar ta babu komai, ta iska ce, ko ta inji in ya yi gardama, ko ta wanda rashin lafiya ta kama. In ba a buƙace ta ba, ai babu asara, sai a yi ta a wani lungun ruwa mai kyau ana iyo.

Sannan ka isa tashar canji da yamma, kwana ɗaya kafin ranar canji. Kada ka taɓa shirya cewa za ku shigo tasha da safe wani ya kama jirgin sama da rana.

Ka kuma rubuta wa kowa tun kafin ya sayi tikiti cewa tashar da aka ambata niyya ce, kuma in iska ta hana, shi ne zai zo inda jirgi yake, da bas ko tasi ko jirgin fito. Ga kowane canji ka ware tasha ta biyu ka faɗe ta tun yanzu. In Argostoli ta gagara, Sami na nan a gabashin tsibirin Kefaloniya, a ɓoye daga raƙuman yamma, mota kuma tana ratsa tsibirin cikin ƙasa da awa guda. Mutum ya biya kuɗin tasi ya fi a tura jirgi da mutum shida cikin tekun da ya tashi.

Mataki na huɗu: takardu

Girka na cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Mai fasfo ɗin Nijeriya, Nijar ko Gana yana buƙatar biza, kuma ƙa'idar gajeren zama ita ce kwana 90 cikin kowane 180. Wannan ya fi shafar kyaftin da zai daɗe. Wanda zai zo ya nemi biza da wuri, kai kuma ka ba shi wasiƙa mai sunan jirgi, ranakun da zai yi, da tashar hawa da ta sauka, don ba shi da takardar otal da zai nuna.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Garin Saranda na Albaniya yana kallon Korfu, ana hango shi da ido, kuma mutane kan so su leƙa. Albaniya ba ta cikin Shengen. Duk wanda bizarsa ta shiga ɗaya ce, in ya tsallaka ba shi da damar dawowa Girka da ita. Ka duba fasfo ɗin kowa da idonka kafin ka yi tunanin wannan tsallake.

Shi jirgin yana buƙatar takardar rajista, inshora, da shaidar biyan harajin zirga-zirga na TEPAI, wanda Girka ta fara karɓa a 2019 daga jiragen shaƙatawa da suka wuce mita 7. In haya ka yi, kamfani ne ke kula da waɗannan, amma za a nemi lasisin tuƙinka, irin su ICC, shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa, ko Day Skipper na RYA, ƙungiyar tuƙin jiragen shaƙatawa ta Birtaniya, tare da mutum na biyu da zai sa hannu cewa ya iya aikin jirgi. Ka lura da wannan na ƙarshen: in mataimakinka ya sauka a zango na farko, dole a samu wani a madadinsa. Jerin sunayen mutanen jirgi, da lambar fasfo da ƙasar kowa, ana sabunta shi duk canji. Ka sanar da kamfanin haya, in kuma an buƙata ka kai wa jami'an tsaron tasha, waɗanda Girkawa ke kira Limeniko, su buga hatimi.

Mataki na biyar: haɗa mutanen kowane zango da hankali

Kada ka bar abin ga wanda ya riga neman wuri. A kowane zango ka tabbata akwai mutum ɗaya bayan kai da zai iya tayar da inji, ya sauke filafili, ya yi kira ta oba-oba, ya juyo da jirgi in kai ne ka faɗa ruwa. In da hali, ka bar mutum ɗaya daga tsohon zango ya zarce zuwa sabo, domin shi zai nuna wa sababbi inda kofi yake da yadda ake ɗaure igiya yayin da kake fama da takardu.

Ka yi wa kowa tambayoyi uku a keɓe: ya iya iyo? Yana da wata cuta ko maganin da yake sha kullum? Mota ko jirgi na sa shi jiri? Da yawa daga cikinmu mun tashi nesa da babban ruwa, kuma namiji ya kan ji nauyin cewa bai iya iyo ba. Ka sauƙaƙa masa faɗa. Rashin iya iyo ba ya hana tafiya, sai dai mai shi zai sa rigar ceto duk lokacin da yake saman jirgi ko cikin ƙaramin kwalekwalen roba, ko da teku ta kwanta lumui.

Ka faɗa musu gaskiyar zaman: ɗakuna ƙanana ne, mutum biyu a gado ɗaya, ana jin motsin kowa. Jaka mai laushi da ake naɗewa za a zo da ita, akwati mai taya ba shi da wurin zama. Takalmi mai tafin roba, hula mai igiya, man kare fata daga rana, da riga mai kauri ɗaya don dare.

Mataki na shida: ranar canji

Masu sauka su kwashe kayansu da safe, su wanke ɗakunansu, bayi da wurin girki. A cika tankin ruwa da na man dizal, a kwashe shara, a kai zannuwan gado wanki. A rufe lissafin kuɗi kafin kowa ya taka ƙasa. Kai kuma ka duba man inji, bel, matatar ruwan sanyaya inji, ƙasan jirgi ko ruwa ya taru, da tukunyar gas ɗin girki.

Ka bar tazarar awa uku ko huɗu tsakanin tafiyar tsofaffi da hawan sababbi. Kyaftin da ya yi mako yana kwana da kunne ɗaya a buɗe yana buƙatar ya zauna shi kaɗai, ya yi wanka mai kyau, ya yi barci kaɗan. Masu zuwa suna tafe da ɗoki da ƙarfi, kuma haƙƙinsu ne su tarar da kai da fara'a.

A kwana a tasha daren nan. Ba a tashi ranar canji.

Mataki na bakwai: bayanin tsaro, daga farko, kowane zango

A zango na uku za ka ji ka gaji da maimaita magana ɗaya, har ka so ka gajarta. Kada ka yarda. Wanda ke gabanka yau ne karonsa na farko. Ka rubuta jerin a takarda ka bi shi layi-layi.

Kowa ya sa rigar cetonsa ya daidaita maɗaurinta da jikinsa, ya san inda zai ajiye ta. Ka nuna musu abin kashe gobara, akwatin magani, da inda ake rufe gas, wanda ake rufewa bayan kowane girki. Ka nuna sandar da ke kwance ƙarƙashin babban filafili, ka gaya musu tana iya sheƙowa daga gefe zuwa gefe ta fasa kai. Ka nuna yadda ake naɗa igiya a kan na'urar ja ba tare da yatsa ya shiga ba. Hannu ɗaya kullum yana riƙe da jirgi. A bayi ba a jefa komai, ko da takarda ce, sai a kwandon da ke gefe, kuma mai amfani da buta ya kula da yawan ruwan da yake zubawa.

Oba-oba ta VHF tana kan tasha ta 16, wadda ita ce ta kiran gaggawa. Kowa ya riƙe ta sau ɗaya ya ga jan maɓallin neman agaji, ya koyi karanta inda jirgi yake daga allo. A waya, 112 ita ce lambar gaggawa ta Turai, 108 kuma ta masu tsaron gaɓar Girka.

In mutum ya faɗa ruwa: a yi ihu, a jefa masa abin da zai riƙe, mutum ɗaya ya nuna shi da hannu kada ya ɗauke ido ko da daƙiƙa ɗaya, domin kan mutum cikin raƙuman ruwa yana ɓacewa nan da nan. Washegari da safe, a ruwa mai natsuwa, ka jefa balan-balan ɗin da ke kare gefen jirgi daga guga, ɗaure da bokiti, ka bar mataimakinka ya juyo ya ɗauko shi, kai kana kallo baki rufe.

Mataki na takwas: koya musu shiga tasha kafin a isa tashar

Nan ne ake jin kunya, nan ne kuma ake jin ciwo. A yawancin tashoshin ƙauyukan Ioniya, kamar Gaios, Kioni da Fiskardo, ba a jingina jirgi da gefe. Ana sakin anka, ƙarfen da ke kama ƙasan teku ya riƙe jirgi, daga goshin jirgi tun ana nesa da bango kamar tsawon jirgi uku ko huɗu, a taho da baya a hankali ana sakin sarƙa, a kutsa tsakanin jirage biyu, a ɗaure bayan jirgi da igiya biyu. Sannan a ja sarƙa har ta yi tauri. Anka da bai kama ƙasa ba kamar turken da aka kafa a yashi ne, sai tsakar dare in iska ta taso za a gane.

Tun kuna waje ka tsayar da jirgi ka raba aiki da suna: wane a kan anka, wane a igiyar dama, wane a ta hagu, wane riƙe da balan-balan yana bin inda za a gogu. Ku yi yarjejeniya kan alamun hannu, don mai anka ba ya jin muryarka saboda ƙarar sarƙa. Igiyar ɓangaren da iska ke fitowa ita ake fara ɗaurewa. Ba mai tsalle zuwa bango, ba mai sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da jirgi. In shigar ta karkace, ka fita ka sake, ba komai ba ne, masu kallo daga shagunan shayi sun ga wanda ya fi haka.

Ka saki anka daidai gaban gurbin da za ka shiga, kada sarƙarka ta hau ta maƙwabci. Ka iso da wuri, kafin iskar la'asar ta fara bugun jirgi daga gefe. In a lungu za ku kwana, ka saki sarƙa ninki huɗu ko biyar na zurfin ruwa, ka nemi farin yashi, ka guji ciyawar teku, don anka ba ya kama ta sosai kuma yana tumɓuke ta.

Wuri ɗaya da ke buƙatar shiri na musamman shi ne mashigar Lefkada ta arewa. Akwai gada mai shawagi da ake buɗewa lokaci-lokaci, galibi a kan awa, bakin mashigar kuma ƙunci gare shi, ga yashi. Jiran gada a wurin da yamma, iska na tura ka gaɓa, tare da mutanen da ba su saba ba, abu ne da za a iya kauce masa. Ka tambayi lokutan buɗewa, ka iso da hantsi.

Kuɗi, abinci, ruwa da sallah

Kowane zango da asusunsa. Kowa ya zuba daidai a ranar farko, mutum ɗaya wanda ba kyaftin ba ya riƙe, daga ciki a sayi abinci, mai, ruwa da kuɗin tasha. Abin da ya rage a raba a ranar sauka. In a cikin tafiyar akwai masu shan giya, a faɗa tun farko cewa ba ta cikin asusu, kuma ba a sha sai an ɗaure jirgi. A gidajen abinci na Girka naman alade ya yi yawa, har tsiren da suke kira souvlaki sau da yawa da shi ake yi, don haka a tambaya. Kifi, wake, salatin tumatir da cuku, da burodi ba sa yankewa.

Babban sayayya a yi ta a tashar canji inda akwai manyan shaguna, don a ƙananan tsibirai kaya sun fi tsada. Ruwan tanki kuwa, mutum shida da ba su saba ba suna iya ƙarar da shi cikin kwana biyu. A yi wanka a teku a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. Alwala da ruwan teku ta inganta, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa, don haka bokiti mai igiya ya wadatar, amma kada a jefa shi ruwa jirgi na gudu, yana iya fizge mutum. Alƙibla daga waɗannan tsibirai kudu maso gabas take, kamfas ɗin jirgi zai nuna, sai dai jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska, a duba kafin a tayar da sallah.

Mai jin jiri ya sha maganinsa kafin a tashi, ya zauna a sama yana kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Ba shi sitiyari ya riƙe yakan taimaka ƙwarai.

In yanayi ya juya

Ka duba hasashen yanayi safe da yamma, daga hukumar yanayi ta Girka da tsarin hasashen teku na Poseidon, ka kwatanta da manhaja irin Windy. Ioniya na da sauƙi, amma a Satumban 2020 guguwar Ianos ta afka wa Kefaloniya, Itaka da Zakintos, ta nutsar da jirage a cikin tashoshi. Irin wannan ana ganin tahowarta kwanaki kafin ta iso. Iskar kudu ma, wadda ta fi zuwa a farkon lokacin tafiya da ƙarshensa, tana mayar da tashar da ke da lafiya jiya ta zama wurin haɗari yau, domin yawancin wuraren kwana an zaɓe su ne don kariya daga arewa.

Da zarar ka ga alamar ranar canji za ta haɗu da mummunan yanayi, ka yanke shawara kwana biyu kafin lokaci. Ka shiga tasha mai kariya mafi kusa wadda mota ko jirgin fito ke zuwa, ka kira masu tahowa ka faɗa musu sabon wuri da yadda za su iso, ka nema wa masu sauka tasi tun da wuri. Ka tuna jiragen fito ma suna fasa tashi in teku ta yi muni, don haka a irin wannan hali Lefkada ko Preveza, inda ake fita ta hanyar mota, sun fi kowane tsibiri da sai an tsallaka ruwa.